Daga tare hamada zuwa neman wa ruwa hanya: yadda manufar kare ƙasar noma ta yi ta sauyawa a Arewacin Kamaru da Chadi

A daminar 2024 ambaliya ta shafi mutum kusan miliyan 1.9 a Chadi, ta yi ajalin 576, kamar yadda alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya suka nuna. A tsallaken kogin Logon, a Kamaru, ruwa ya karya gada a garin Yagwa cikin watan Satumba, ya shanye gonakin shinkafa da dawa, shekara biyu kacal bayan ambaliyar 2022 da ta mamaye unguwannin Injamena. Tun daga nan bakin hukumomi da masu ba da tallafi ya koma kan ɗaga gaɓar kogi da yashe magudanai.

Abin ya ɗaure wa mutane da yawa kai. Manomin Marwa ko na Abeshe ya girma yana jin cewa hamada na tafe, kada ya bar ɗigon ruwa ya fita daga gonarsa, sai ga shi yau ana ce masa ruwan ne abin tsoro. Kakansa an sa shi noman auduga a layi, ubansa an raba masa dashen darbejiya, shi an koya masa jera duwatsu, ɗansa kuma ana yi masa lissafin hekta da iskar kabon. Kayan aikin ba su sauya sosai ba, dutse ne da rami da ciyawa da bishiya tun farko. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne matsalar da ake ganin ta fi girma, da wanda ake yi wa aikin, da wanda ke da ta cewa. Sabuwar manufa kuma ba ta korar tsohuwa, a kanta take hawa, shi ya sa gona ɗaya kan samu umarni biyu ko uku masu karo da juna.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Zaizaya ita ce tashin ƙasa daga inda take, ruwa ya ɗauke ta ko iska. Kwazazzabo ne ke tsorata ido, amma wadda ta fi cin amfanin gona ita ce mai kwashe saman ƙasa a hankali ba a lura ba. Kaurin milimita 1 a faɗin hekta guda ya kai kimanin tan 14, kuma lallausar ƙasar da ke riƙe taki ce ke fara tafiya.

Gajiyar ƙasa daban ce. Ƙasar tana nan, abincin shuka ne ya ƙare, kuma ƙuduji ne kan fara kai rahoto. Gona tana iya gajiya ba tare da ta zaizaye ba, don haka jerin duwatsu shi kaɗai ba ya warkar da ita.

Fako, wanda Fulanin yankin Marwa ke kira harde, ƙasa ce da samanta ya daskare har ruwa ba ya ratsa ta. Kwararowar hamada kuwa, a ma'anar yarjejeniyar duniya ta 1994, lalacewar ƙasa ce a yankuna masu ƙarancin ruwa, sanadin yanayi da aikin ɗan'adam. Fakon da ke bayan gari a Kaele yana cikin wannan ma'ana, ko da babu tudun rairayi ko ɗaya a kusa.

Abin da aka tarar a ƙasa

A duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Koza da Mora, Mafa da Mofu da maƙwabtansu sun daɗe da sassaƙa gangare zuwa matakai, kowane mataki da katangar dutse ba siminti. Ana gyara katangun duk shekara kafin ruwan farko, ana tara takin sa da ake kiwo a ɗaki, Mafa kuma suna karɓa-karɓa tsakanin shekarar dawa da shekarar gero. Jarin wannan tsari hannaye ne. Da gwamnati ta matsa wa mutanen dutse su sauko fili a farkon shekarun 1960, daga baya kuma samari suka bi ci-rani, matakan da aka bari sun rushe cikin 'yan damuna.

A filayen laka da ake kira karal ana noman masakwa, wadda a Chadi ake ce wa berbere, musamman a Salamat. Ana yafa iri cikin Agusta, a yi dashe daga Satumba zuwa Oktoba bayan ruwa ya janye: a huda rami da sanda mai tsini, a zuba ruwa kaɗan, a sa dashe biyu. Daga nan ba ta ƙara ganin ruwan sama har girbi a Janairu ko Fabrairu. Inda lakar ba ta shan ruwa sosai, manoma kan yanka ta gida-gida da ƙananan kunyoyi don ruwan damina ya kwanta ya nutse. Da wannan dabara aka maido da harde mai yawa cikin noma, kuma galibin aikin manoma ne suka yi shi da kansu.

Zamanin auduga da manyan madatsu

Tunanin hukuma kan zaizaya daga waje ya zo. Guguwar ƙurar da ta cinye gonakin tsakiyar Amurka a shekarun 1930 ta sa aka kafa hukumar kare ƙasa a can a 1935, injiniyoyin mulkin mallaka suka kwaso darasin: a auna gangare, a yi ganuwar ƙasa, a hana manomi abin da ake ganin ɓarna ne. A 1949 masanin gandun daji na Faransa, Aubréville, ya yaɗa kalmar da muke fassarawa da kwararowar hamada. A wannan kallo manomi da makiyayi su ne cutar. Misalin da aka fi ambata shi ne na Yatenga a Burkina Faso, inda tsakanin 1962 da 1965 aka bi kimanin hekta 120,000 da katafila ba tare da shawarar masu gonakin ba. Ba wanda ya gyara ganuwar, ruwa ya fasa ta.

A yankinmu abin da ya fi damun hukuma shi ne amfanin da za a sayar. An tilasta noman auduga a kudancin Chadi tun ƙarshen shekarun 1920. A Arewacin Kamaru kamfanin auduga na Faransa, CFDT, ya fara shi a farkon shekarun 1950, kamfanin auduga na Kamaru, SODECOTON, ya gaje shi a 1974. Tare da auduga garmar shanu ta zo, da umarnin tumɓuke kututture don garma ta wuce, da auna gona kar-kar, wato mita 50 sau 50, murabba'i tsaf, ko ta ina gangare ya nufa. Aka kuma kwashe dubban iyalai daga Arewa Mai Nisa zuwa kwarin Binuwai tun tsakiyar shekarun 1970, suka sare daji a ƙasa mai yashi wadda ruwan milimita 1,000 ke duka kowace shekara.

Ruwa kuwa ana kallonsa a matsayin dukiyar da ke zubewa a banza. A 1979 aka kammala madatsar Maga, mai tsawon kilomita 27, da ganuwa a gaɓar Logon, don shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati. A 1982 aka gama madatsar Lagdo a kan Binuwai. An samu shinkafa da lantarki. Amma fadamar Waza-Logon, wadda ambaliyar shekara-shekara ke rayawa, ta rasa ruwa a babban yanki: ciyawar rani mai ɗorewa ta mutu, kifi ya ragu, makiyaya da namun dajin Waza suka takura. Sai a 1994 aka sake buɗe wata ƙorama da ganuwar ta toshe, ruwa ya koma kan kimanin murabba'in kilomita 200, aka ƙara buɗe wata a 1997. A ƙasan Lagdo ma filayen masakwa da yawa sun daina samun ambaliyar da ke jiƙa su.

Fari ya kawo zamanin dashe

Farin 1972 zuwa 1973, da na 1984, sun juya akalar gaba ɗaya. Tafkin Chadi, wanda ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabu biyu, a tsakiyar shekarun 1980 kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba. A 1973 aka kafa CILSS, kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari, Chadi na ciki. A 1977 aka yi taron duniya kan hamada a Nairobi. Kamaru ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a shekarun 1970, ta sake tayar da shi a 2008.

Maganin da aka yarda da shi a lokacin shi ne dashe da hani. Inuwar darbejiyar da ke titunan Marwa shaida ce cewa dashe yana kamawa inda akwai mai ba shi ruwa. A daji labarin ya bambanta, kuma dalilan sanannu ne: dashen leda ya iso a ƙarshen Agusta maimakon Yuli, saiwa ba ta kama ba ruwa ya ɗauke, babu shinge, babu mai ban-ruwa a rani biyun farko, rahoto kuma yana ƙirga abin da aka dasa ne, ba a komawa a ƙirga abin da ya rayu. Dokar gandun daji ta ƙara nata. Idan sare reshen gawo a gonarka zai jawo maka tara, hanya mafi sauƙi ita ce ka cire tsiron tun yana ƙarami kafin jami'i ya san da shi. Chadi ta bi hanyar hani har zuwa haramta gawayi a ƙarshen 2008, matakin da ya jefa gidajen Injamena cikin wahalar makamashin girki.

Da aka koma gonar manomi

A shekarun 1980 tambayar ta sauya: me zai ƙara wa manomi hatsi a bana, har ya ga dalilin kare ƙasar da kansa? Amsoshin sun fito ne daga Yatenga, inda Yacouba Sawadogo ya inganta ramukan shuka da ake kira zai, da Tawa inda ake kiran su tassa, da Maraɗi inda sassaben zamani, wato rainon tsiron bishiyar da ya fito da kansa a gona, ya fara a 1983. Dabarun suna da sauƙin faɗa, amma kowacce tana da inda take aiki da inda take ɓaci.

Jerin duwatsu yana farawa da awo. Ana cika tiyo mai haske da ruwa, a ɗaura bakinsa biyu a sanduna masu alama, a bi gona ana neman wuraren da tsayinsu ɗaya. A kan wannan layi ake tona 'yar hanya mai zurfin santimita 10 zuwa 15, a kafa manyan duwatsu, a cusa ƙanana ta gefen sama, inda ruwa ke gangarowa, tsayin duka santimita 20 zuwa 30. Tazarar layi da layi mita 20 zuwa 50 ce, gwargwadon gangare. Aikinsa rage wa ruwa gudu ne ya tace ta cikinsa. Idan awo ya karkace, ruwan duka ya taru wuri ɗaya ya ɓalle, a samu kwazazzabo inda da babu. Idan aka fara daga ƙasan gangare, ruwan da ke saukowa daga gonakin sama ya fi ƙarfin layin. Bayan 'yan shekaru ƙasa kan cike shi, sai an ɗaga duwatsun ko an dasa gamba ko jema a jikinsa. Tsadarsa kuwa a jigila take: hekta guda na cin tan gommai na dutse, wanda ba shi da amalanke ba zai iya ba.

Tassa ta fako ce. Ana haƙa ta da rani, faɗi santimita 20 zuwa 30, zurfi 10 zuwa 20, tazara kamar taku ɗaya, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Gara ce ke ƙarasa aikin, tana bin takin tana huda ƙasa. Hekta na ɗaukar rami sama da 10,000 da aikin awa 300 ko fiye, a tsakiyar zafin bazara. A jigawa ramin rufewa yake yi. A wajen Garwa kuma, inda ruwa ke da yawa, shuka ruɓewa take a ciki. Haka rabin wata, wato rami mai siffar rabin wata da ke tare ruwa: ya dace da Kuseri da Wadai, bai dace da Mundu ba.

A yankin auduga na Kamaru wannan tunani ya shigo ta shirin raya karkara na DPGT daga 1994, shekarar da aka karya darajar sefa takin zamani ya yi tsada, sannan shirin ruwa da ƙasa da bishiya na ESA daga 2002, duka a ƙarƙashin SODECOTON. Aka koma auna gonaki bisa gangare, ana barin zirin ciyawa tsakaninsu, ana gina ƙananan shingayen dutse a cikin mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, don yashi ya taru rijiyoyi su riƙe ruwa. Mafi arha cikin ayyukan shi ne na gawo. Manomi ya zaɓi tsiron da ya fito da kansa, a shafa masa fenti, a biya shi sefa 100 a rarrabe cikin shekara uku idan tsiron ya rayu. An raya sama da miliyan ɗaya ta wannan hanya. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma dabbobi na cin 'ya'yansa suna barin taki a gindinsa. Kamfanin da malamansa suka sa aka tumɓuke kututture shi ne ya dawo yana biyan kuɗin rainon tsiro.

A gabashin Chadi, a Wadai da Wadi Fira, an fi ba da ƙarfi ga doguwar katanga gajera ta dutse da siminti da ke ratsa kwari daga gefe zuwa gefe, da tallafin Jamus da Suwizalan. Tana baza ruwan kwari a faɗin fadama maimakon ya bi rami ɗaya ya wuce, ruwan ƙasa ya ɗago, a samu noman rani. Jere ake gina su. Idan ta sama ta fashe, ko ruwa ya zagaye ta ta gefe, na ƙasa suna cikin haɗari.

Rigimar kara

Tun farkon shekarun 2000 masu bincike suka kawo shuka ba huɗa a ƙarƙashin rufin ciyawa. Ana haɗa dawa ko masara da wata ciyawa mai yawan ganye, bayan girbi a bar komai a kwance, baɗi a shuka auduga kai tsaye a ciki. Gwaje-gwaje sun nuna rufin na rage gudun ruwa da zaizaya ƙwarai. Amma yana son tan da yawa na kara da ciyawa su kwana a gona wata bakwai na rani, a ƙasar da kara abincin shanu ne, da danni, da makamashi, kuma al'ada ta buɗe gona ga garke da zarar an kwashe amfani. Ga gobarar daji, ga kuɗin maganin feshi. Malamin auduga na cewa a bar kara, malamin dabbobi na cewa a tara shi, mai garke na cewa haƙƙinsa ne tun kaka da kakanni. Kowannensu yana da hujja, karan kuma ɗaya ne.

Lissafin hekta, da dawowar ruwa

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da Babbar Ganuwar Bishiyoyi, a 2010 aka sa hannu kan kafa hukumarta a Injamena. Da farko zirin bishiyoyi aka zana, kilomita kusan 8,000 daga Dakar zuwa Jibuti. Daga baya aka mayar da ita tarin ayyukan farfaɗo da ƙasa, da burin hekta miliyan 100 kafin 2030. Rahoton 2020 ya sami kimanin miliyan 4 a ainihin yankin da aka shata. Kamaru ta yi alƙawarin hekta miliyan 12 a 2017. Ma'aunin nasara ya koma hekta da tan na kabon, abubuwan da ake gani daga tauraron ɗan'adam, alhali manomi da buhu yake awo.

Ana cikin haka ruwa ya dawo, amma da wani hali. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadarai masu zubar da ruwa lokaci ɗaya sun ninka sau uku a Sahel tun farkon shekarun 1980. Masana ruwa kuma sun daɗe da lura cewa a wurare da dama na Sahel kwararar ruwa ta ƙaru ko a shekarun fari, saboda ƙasar da ta zama fako ba ta sha. A nan maganar hamada da ta ambaliya suke haɗuwa: ruwan da harde ya ƙi sha a sama shi ne ke cika mayo a ƙasa. Sai dai kada a zarce. Ambaliyar Logon da Shari daga ruwan da ya sauka can kudu take tasowa, a tsaunukan Adamawa da Afirka ta Tsakiya, kuma tassa ko miliyan nawa ba za ta tare ta ba. Shi ya sa bayan ambaliyar 2012 Bankin Duniya ya ba da dalar Amurka miliyan 108 don gyaran madatsar Maga da ganuwar Logon.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu goyon bayan ganuwa da madatsu na cewa garuruwa sun girma, Kuseri da Injamena da Yagwa ba za su zauna da ambaliya yadda ƙauyen masunta ke zama da ita ba, kuma shinkafar ban-ruwa ce ke rage dogaro da ta waje. Masu kare fadama na amsawa da cewa ganuwa tura ruwa take yi wajen maƙwabci, sau da yawa ƙetaren iyaka, tana kuma jawo mutane su yi gini a bayanta, ranar da ta fashe asarar ta ninka. Abin da ya faru a Waza-Logon yana ƙarfafa ɓangare na biyu a maganar karkara, amma bai amsa tambayar birane ba.

Kan bishiya, hujjar kuɗi tana wajen rainon tsiro: Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da shi. Iyakarsa ita ce yana bukatar kututture ko iri a cikin ƙasa. Harden da ya mutu sarai sai an fasa shi an shuka.

Kan biyan mutane kuɗi ko abinci don aikin, wasu na ganin talaka ba zai iya ba da awa 300 kyauta a lokacin da ya kamata ya tafi ci-rani ba. Wasu na nuna ramukan rabin wata da aka haƙa don a karɓi buhu, ba a taɓa shuka komai a ciki ba.

Abin da ya shafi mai gona da mai garke

Ga manomi, tambayar farko ita ce ta mallaka. Dokar filaye ta Kamaru ta 1974 ta sa duk ƙasar da ba ta da takardar mallaka a cikin dukiyar ƙasa, a aikace kuma lamiɗo da lawan da jauro ne ke rabawa. Baƙo da mai aro da mai haya na shekara-shekara, da mata da yawa, ba su da tabbacin cin moriyar aikin da sai bayan damina uku yake biya. An sha ganin fakon da ba mai so ya sami masu shi da zarar ya fara ba da dawa.

Ga makiyayi, kowane harde da aka mayar gona ko aka killace don dashe wurin kiwo ne ko hanyar mashaya da ya ragu. Kamaru na da kwamitocin sasanta manoma da makiyaya bisa dokar 1978. A Chadi majalisa ta zartar da dokar kiwo a 2014, amma ba ta fara aiki ba. Rikicin Logon-Birni na 2021, wanda ya kori dubban mutane zuwa Chadi, ya taso ne daga ramukan da masunta ke haƙawa don riƙe ruwa da kifi, shanu kuma na faɗawa ciki. Dabarar tara ruwa ce a wajen wani, tarko a wajen wani.

Saboda haka ayyukan da suka ɗore sukan fara da zama kafin diga ta taɓa ƙasa. Ana rubuta shekarun da mai aro zai riƙe gonar bayan gyara, da wanda ke da itacen da ya tsiro da 'ya'yansa, da faɗin burtalin da za a bari, da watan da za a buɗe kara ga dabbobi, da wanda zai sayi siminti idan katanga ta tsage bayan masu tallafi sun tafi. Jauro da wakilin makiyaya da shaidu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kofinsa, a kai ɗaya ofishin magajin gari.